Gafati a cikin littattafai da kwamfuta: shaidu goma ne, ko ɗaya aka yi ta maimaitawa?

Tarihin Damagaram ya shiga na'ura mai ƙwaƙwalwa. Littattafan da a da sai mutum ya yi tattaki zuwa Yamai, ko Dakar, ko Paris kafin ya ɗora ido a kansu, yau ga su cikin salular ɗan lise. A manyan jami'o'in duniya kuma, masana sun duƙufa suna kwasar abin da ke cikin irin waɗannan littattafai suna zubawa a rumbunan bayanai, domin kwamfuta ta ƙidaya, ta gwama, ta zana taswira. Sai dai akasarin abin da ake zubawar ba daga bakin waɗanda suka gani da ido ya fito ba, daga alƙalamin masanan da suka zo daga baya ne. Shin littafin masani ya isa shaida? Mun ɗauki garin Gafati domin auna wannan magana.

Garin da sarauta ta kwana kafin Zinder

Gafati, wanda takardun gwamnati ke rubutawa Gaffati, yana gabas da birnin Zinder, cikin gundumar Mirya. Tun dokar shekarar 2002 da ta rarraba ƙasarmu zuwa ƙananan hukumomi, shi ne mazaunin ƙaramar hukumar karkara mai ɗauke da sunansa. Baƙon da ya ratsa ta wurin ba zai ga abin da ya bambanta shi da sauran garuruwan manoman hatsi na yankin ba. Amma masu tarihi sun san cewa gidan sarautar Damagaram bai fara da Zinder ba. Zuriyar Malam, wanda ake dangantawa da kafa gidan, ta yi zama a wurare da dama cikin ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma cikin sunayen da ake ambata akwai Geza, da Gafati, da Ciyanza. Sai a zamanin Sulaimanu ɗan Tintuma, wanda littattafai ke sa mulkinsa tsakanin 1812 da 1822, sarauta ta tare a Zinder. Daga nan aka sami sarki Ibrahim, da Tanimun mai ganuwa da igwa, da Amadu Kuran Daga wanda sojan Faransa suka ci da yaƙi a Tirmini cikin watan Yuli na 1899.

Irin wannan bayani mai karatu zai same shi a intanet cikin ƙiftawar ido, a shafi goma ko ashirin, da faransanci da ingilishi da jamusanci, kusan da kalmomi iri ɗaya. A nan ne gizo ke saƙa, domin zuciyar ɗan Adam tana natsuwa da abin da ta ji daga bakuna masu yawa. Ɗan kasuwa dai ya san maganin wannan. In mutum goma suka shigo kasuwar Dole suna cewa kuɗin wake ya faɗi a Dawanau, gogaggen ɗan kasuwa ba ya buɗe sitonsa ya karyar da kaya sai ya tambayi kowanensu inda ya ji. In ya taras dukansu daga bakin direba guda suka ji, to labari ɗaya ke hannunsa, kuma ƙarfin labarin bai wuce gaskiyar wannan direba ba. Abin da za mu yi wa littattafan Damagaram ke nan.

Sabon salon bincike

Abin da masu faransanci ke kira humanités numériques, wato nazarin tarihi da harshe da al'adu da taimakon kwamfuta, aiki ne mai hawa uku. Da farko ana ɗaukar hoton littafi shafi-shafi, a sa na'ura ta karanta baƙaƙen, ta maida su rubutun da za a iya bincikawa. Haka babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ke yi tun 1997 a taskarsa mai suna Gallica, haka Persée ke yi wa mujallun masana na faransanci tun 2005, haka kuma Internet Archive ke yi a Amurka. Hawa na biyu, ana tsamo bayanai daga cikin rubutun: sunan sarki, shekarar da ya hau, shekarar da ya sauka, mazaunin sarauta, yawan jama'a, kayan fatauci. Ana jera su gida-gida, tamkar yadda akawu ke jera shiga da fita cikin rajista. Hawa na uku shi ne lissafi: a tara ɗaruruwan dauloli cikin rajista guda, a tambayi na'ura abin da ya haɗa su da abin da ya raba su.

Ba mai musun amfanin wannan aiki. Ɗalibin da ke neman sunan Gafati cikin littafi mai shafi ɗari biyar, aikin da a da zai ci masa mako guda, yau daƙiƙa kaɗan ne. To amma rajista tana da wani hali: kowane gida abu ɗaya yake ɗauka. Masani a cikin littafinsa yana da damar cewa wai, ko an ce, ko mai yiwuwa, ko wajen shekara kaza. Gidan rajista kuwa lamba yake jira, in kuma mai tsara ta bai tanadar wa shakka wuri ba, sai shakkar ta faɗi a hanya, lambar ta isa ita kaɗai. Bugu da ƙari, mai cika rajistar sau da yawa mataimakin bincike ne a wata jami'a mai nisa, wanda bai taɓa taka Damagaram ba, ba ya jin Hausa ko Barbarci, ba ya karanta larabci. Abin da ke gabansa shi ne littattafan masana. Saboda haka ya wajaba mu san su wane ne waɗannan masana, kuma wa ya ji daga wa.

Silsilar littattafan Damagaram

Turawan farko da suka bar mana rubutu kan Zinder matafiya ne. James Richardson, Bature ɗan Ingila, ya sauka a garin cikin Janairu na 1851, ya taras da sarki Ibrahim bisa gado, ya yi kusan wata guda, sa'an nan ya nufi Kukawa, ajali ya cim masa a hanya cikin Maris na wannan shekara. An buga littafin tafiyarsa a 1853. Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya iso a ƙarshen Disamba na 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu na 1853 zuwa Katsina da Sakkwato. Waɗannan biyu shaidu ne na gani da ido, amma a kan abin da suka taras kawai. Zamanin Gafati ya riga ya shuɗe da shekaru masu yawa kafin zuwansu.

Rubutu mai tsawo na farko a kan sarakunan Damagaram tun daga Malam ya fito ne a 1911, cikin juzu'i na biyu na kundin ayarin kaftin Tilho. Bayansa sai kaftin Yves Urvoy ya wallafa tarihin al'ummomin Nijar a 1936, Edmond Séré de Rivières kuma, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya fitar da nasa a 1965. Dukansu biyu sun ɗebi ruwa a rijiyar kundin Tilho. Bayan samun mulkin kai aka shiga wani sabon babi. Wata Ba'amurkiya, Roberta Ann Dunbar, ta gabatar da kundin digirinta a kan Damagaram daga 1812 zuwa 1906 a jami'ar Kalifoniya a 1970. A 1971 marigayi André Salifou, haifaffen Zinder, ya buga Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle a Yamai, lamba ta 27 cikin jerin Études nigériennes. Stephen Baier ya biyo da tarihin tattalin arzikin yankin a 1980, Finn Fuglestad da tarihin Nijar a 1983. Daga waɗannan ne ƙamusoshin tarihi suka taƙaito, daga ƙamusoshin Wikipedia ta kwaso, daga Wikipedia kuma ɗimbin shafuka da rumbunan bayanai suke kwafa.

In mutum ya ƙirga littattafai, zai ga shaidu sun yi yawa. In ya bi sawun kowace magana da ta shafi ƙarni na 18, sau da yawa zai ga sawayen suna haɗuwa suna komawa ƙofa guda. Malaman hadisi sun riga kowa gane wannan tun ƙarnoni: ba yawan littattafan da suka kawo magana suke dubawa ba, yawan hanyoyin da ba su haɗu da juna ba suke ƙirgawa, su kuma binciki halin kowane mutum da ke cikin isnadi.

Tafintan da ke bakin ƙofa

Wane ne ke tsaye a wannan ƙofa? Moïse Landeroin, hafsan soja mai aikin tafinta, shi ya rubuta sashen tarihi na kundin Tilho. Mutum ne mai sanin larabci, ya kuma koyi Hausa har suka wallafa nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho. A da ya yi tafinta cikin ayarin Marchand da ya kai Fashoda a 1898. Ba a raina aikinsa: ya zauna da dattawa da fadawa da malamai, ya rubuta jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe a lokacin da waɗanda suka yi zamani da Tanimun suke raye.

Amma a dubi lokaci da halin da ya yi tambayoyinsa. Ayarin Tilho, daga 1906 zuwa 1909, aikinsa na farko shi ne shata iyaka tsakanin ƙasar da Faransa ta riƙe da wadda Ingila ta riƙe, daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Sanin wane gari ke bin wane sarki, a wancan lokaci, magana ce mai nauyin siyasa. Sa'an nan a shekarar 1906 ɗin ce Faransawa suka zargi sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa, suka danƙa riƙon gari a hannun Ballama. Dattijon da aka kira gaban hafsa mai kakin sojan da suka yi wannan aiki, aka ce ya faɗi asalin sarauta da iyakar ƙasa, ba makawa ya auna kalmominsa. Akwai abin da zai faɗa, akwai abin da zai haɗiye. Kuma galibi bakin fada ne aka ji. Yadda mutanen Gafati su kansu, ko na Mirya, ko na ƙasashen Sosebaki da Damagaram ta ci, suke ba da labarin, wata hanya ce dabam wadda ya kamata a nema a aza kusa da ta fada.

Duk wannan bayani, masani mai kula yana kawo shi a gabatarwar littafinsa ko a ƙasan shafi. Lokacin da aka tsamo sunan sarki da shekara aka sa a rajista, ba abin da ke bin su na tafinta, ko kaki, ko shekarar 1906.

1731 ko 1736?

Ga misali da kowa zai iya gwadawa. A nemi shekarar da aka kafa daular Damagaram: wasu shafuka za su ce 1731, wasu 1736, wani lokaci ma a ga duka biyun cikin shafi ɗaya. Haka zancen komawar Tanimun kan gado karo na biyu: wasu littattafai 1851, wasu 1854. Wanda bai san yadda ake samo irin waɗannan lambobi ba zai zaci ɗaya gaskiya ce, ɗaya kuskuren mai buga tafireta.

Alhali shekara irin 1736 sakamakon lissafi ce. Mutanen wancan zamani ba da kalandar Nasara suke aiki ba. Abin da maroƙa da fadawa da malamai ke riƙewa shi ne jerin sarakuna da tsawon mulkin kowane: wane ya yi shekara bakwai, wane goma sha takwas. Mai bincike sai ya kama wata shekara da aka tabbatar, kamar 1899, ya yi ta cirewa yana komawa baya har ya iske Malam. A cikin wannan tafiya, sarkin da ya yi shekara shida da watanni ana iya ba shi bakwai, wanda aka tuɓe ya dawo ana iya haɗe masa mulki biyu, wanda bai daɗe ba ana iya tsallake shi.

Akwai kuma bambancin shekarar wata da ta rana. Ta wata kwana 354 ce, ta rana 365, saboda haka shekara 33 ta wata daidai take da 32 ta rana. Mu ɗauka, domin misali kawai, an tara shekarun sarakuna sun kai 168. Wanda ya cire su kai tsaye daga 1899 zai faɗa kan 1731. Wanda ya ɗauke su shekarun wata, ya maida su na rana, zai sami 163, ya faɗa kan 1736. Wannan bai zama hukunci a kan yadda kowane marubuci ya yi lissafinsa ba, amma ya isa ya nuna cewa baki ɗaya na iya haifar da lambobi biyu. Maƙwabtanmu na Kano ma haka abin yake: shekarar 999 da ake ba Bagauda ta yaɗu ne daga fassarar tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga a 1908, inda aka lissafa shekaru daga tsawon mulkin sarakuna. Irin wannan lamba tana da amfani matuƙar an san kintace ce. Lahaninta yana farawa ne ranar da kwamfuta ta jera ta kafaɗa da kafaɗa da ranar 5 ga Mayu 1898, da aka kashe kaftin Cazemajou a Zinder, kamar dai ƙarfinsu ɗaya.

Sunaye masu ruɗa na'ura, da shirun littattafai

Matsala ta biyu ita ce ta sunaye. Bafaranshe ya rubuta Tanimoune ko Ténimoun, mai ingilishi ya rubuta Tanimu ko Tanimun. Mirya ta zama Mirriah, Myrriah, Mirria. Gafati wani lokaci da f ɗaya, wani lokaci biyu. Mutum ya san abu guda ne, na'ura kuwa in ba a koya mata ba sai ta raba sarki ɗaya gida uku. Ta wani gefen kuma tana haɗe abin da ya kamata a raba: kalmar Damagaram a bakinmu tana nufin ƙasar baki ɗaya, tana nufin birnin Zinder, ga kuma Damagaram Takaya, gari mai zaman kansa. Taswirar da ta ɗora duk wani abin da ya faru a Damagaram bisa ɗigon Zinder ta shafe Gafati da sauran tsofaffin mazaunan sarauta ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Ta uku ta fi su haɗari, ita ce shiru. In littattafai ba su ambaci kasuwa, ko makaranta, ko marina a Gafati ta ƙarni na 18 ba, me za a sa a gidan rajista: babu, ko ba a sani ba? Wannan tambaya ta taɓa kada manyan masana. A watan Maris na 2019 mujallar Nature ta buga wani bincike da aka gina bisa rumbun bayanai mai suna Seshat, wanda ya tattara al'ummomi 414 daga yankuna 30 na duniya cikin shekaru 10,000, akasari daga littattafan masana. Binciken ya ce imani da abin bauta mai sakayya a kan alheri da sharri yana bayyana ne bayan al'umma ta girma ta bunƙasa. Da wasu masana suka bi lissafin, sai suka gano cewa fiye da rabin gidajen da suka shafi wannan tambaya ba a san amsarsu ba, amma a wajen lissafi aka ɗauke su a matsayin babu. A watan Yuli na 2021 aka janye maƙalar, ko da yake marubutanta sun ce sabon lissafin da suka yi bai rushe ra'ayinsu ba. Abin lura, an gano matsalar ne domin masu binciken sun baje bayanansu a fili, kowa ya iya bin sawu.

A ƙara da wani karkacewa da ba a cika lura da shi ba. Littattafan da suka fi sauƙin samu kyauta a intanet su ne tsofaffi, na matafiya da hafsoshin mulkin mallaka, domin haƙƙin mallakarsu ya faɗi a ƙasashe da dama. Aikin ƴan ƙasa da aka buga a Yamai bayan 1960 bai kai su yaɗuwa ba, rubutun hannu na larabci da ajami kuwa har yanzu na'ura tana wahala da karanta shi. Ashe ke nan muryar da na'ura ta fi ji ita ce ta tafinta. Manhajojin nan masu amsa tambaya, waɗanda suka yaɗu tun ƙarshen 2022, su ma daga abin da ya fi yawa a intanet suke koyo.

Darasi daga lissafin bayi

Tarihin Afirka ya taɓa ganin yadda lamba ke yin ƙiba ta hanyar maimaici. Shekaru da dama, manyan littattafai suna cewa bayin da aka tsallaka da su tekun Atalantika sun kai kimanin miliyan 15, kowane yana jingina da na gabansa. A 1969 Philip Curtin ya bi isnadin wannan lamba daga littafi zuwa littafi, har ya iske tushenta: kintacen wani marubucin siyasa ne Ba'amurke a 1861. Curtin ya sake lissafi ya sami kimanin miliyan 9 da rabi da suka sauka. Daga baya masana suka koma ga takardun jiragen ruwa su kansu, suka gina rumbun SlaveVoyages da aka buɗe a intanet a 2008, mai ɗauke da tafiye-tafiye fiye da 36,000. Ƙiyasinsa shi ne an ɗora mutum miliyan 12 da rabi, miliyan 10.7 suka sauka da rai. Abin koyi a nan shi ne kowace tafiya tana ɗauke da bayanin takardun da aka samo ta, an kuma bambanta lambar da aka gani a rubuce da wadda aka ƙiyasta. Kwamfuta ta yi aiki mai kyau domin an shigar da isnadi tare da magana.

Inda littafin masani ya zama shaida

Kada a fahimci cewa a watsar da littattafan masana. Da tsohuwar zuma ake magani. Littafi guda yana iya zama mai naƙaltowa a wannan shafi, ya zama tushe a shafi na gaba. Salifou da Dunbar da Baier sun zauna da dattawan Damagaram shekaru hamsin da wani abu da suka wuce, cikinsu har da waɗanda suka ga zuwan Nasara da idonsu. Waɗannan dattawa sun riga mu gidan gaskiya, abin da suka faɗa kuwa a cikin littattafan nan da kundayen marubutansu ya rage. Maƙalar da Salifou ya buga a 1972 a kan Malam Yaro, babban attajirin Zinder na ƙarshen ƙarni na 19, misali ce ta aikin da ba wanda zai iya sake yin irinsa yau. Inda marubuci ya ce wane ɗan wane ya faɗa mini a gari kaza, hanya ce sabuwa, a ƙirga ta. Inda ya ce kamar yadda kundin Tilho ya kawo, tsohuwar hanya ce, kada a ƙirga ta sau biyu.

Haka kuma littafin masani shaida ne na gani da ido a kan zamanin marubucinsa. Mai son sanin yadda hafsoshin Faransa ke kallon sarautun ƙasar nan a 1936, Urvoy ne shaidarsa. A nan kwamfuta tana da rawar takawa ta gaske: tana iya jera littattafan duka, ta nuna jimlar da ta tashi daga 1911 ta sauka a 1936, ta sake bayyana a 1965, da wurin da wai ta ɓace a hanya. Wato na'urar da ke iya ninka shaida ɗaya ta zama goma, ita ce kuma ke iya tona cewa ɗaya ce.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce wannan gardamar malaman jami'a ce. Ma'aikacin gwamnati ya san ba haka ba ne. Kundin tsarin raya ƙaramar hukuma yakan buɗe da shafin tarihin gari. Rigingimun sarauta da na iyakar gonaki sukan kai ga tambayar wa ya riga wa zama. Tun 2006 unguwar Birni da fadar sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO da niyyar neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, irin wannan takarda kuwa hujja take bukata. Ga malaman lakwal da ke koya wa ƴaƴanmu. A duk waɗannan wurare, ranar da wani zai ɗaga salula ya ce ga abin da intanet ta faɗa ta riga ta zo. Ma'aikacin da ba ya karɓar kofin takardar haihuwa sai an gwada shi da na asali an buga hatimi, bai kamata ya karɓi tarihin gari ba tare da ya tambayi asalinsa ba.

Tambayoyin ba su da wuya. Wa ya fara rubuta wannan magana, a wace shekara? Gani ya yi, ko ji, kuma daga wa? Littattafan da suka goyi bayansa, hanyarsu dabam ce ko daga gare shi suka ɗauka? Lambar da aka kawo, rubutacciya ce ko lissafi? Ga masu gina rumbunan bayanai kuma, a tanadi gida domin tushen kowace magana, da gida domin ba a sani ba, a kuma bar shekaru biyu su zauna tare in masana sun saɓa.

Sauran aiki namu ne. A Yamai, cibiyar IRSH tana ajiye da rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami kimanin 4,000, cibiyar CELHTO kuma tun 1968 take tattara tarihin baka. A Zinder ga jami'a mai ɗauke da sunan André Salifou, wadda ɗalibanta ba sa bukatar tafinta in sun je Gafati. Akwai gidajen malamai da na attajirai masu tsofaffin wasiƙu da takardun bashi cikin adaka, akwai tsofaffi masu riƙe da kirari da jerin kakanni. Kowace takarda da aka ɗauki hotonta da izinin masu ita, kowace murya da aka naɗa aka rubuta sunan mai ita da ranar da ya yi magana, sabuwar hanya ce da ba ta bi ta ƙofar 1911 ba. Muna kira ga hukumomin jaha, da masarauta, da ƴan kasuwarmu masu hali, da su tallafa wa wannan aiki tun masu sani suna raye. Hausawa sun ce tushiya mafarin dawa. Allah ya sa mu dace.